Hancin Mai Haɗa Turare

"Yau kai ne za ka rufe ido," ta ce.

Ya yi dariya, ya jingina da kujera, ya rufe.

Ta juya masa baya. Ta ɗauki siririyar takardar gwajin turare, ta tsoma cikin kofin ruwan da take sha. Ruwa zalla. Ta kaɗa ta a iska kamar yadda ta saba ganin yana yi, ta kai masa dab da hanci.

"Faɗa min, me ka ji?"

Ya ja numfashi a hankali, da wannan yangar tasa ta gwanaye.

"Uhmm... wardi ne a ƙasa. Akwai ɗan lemo. Kin yi ƙoƙari, Malamata, amma kin cika hannu da miski."

Ta sauke takardar a hankali.

Wannan fa shi ne mutumin da duk layin shagunan ba a san shi da wani suna ba sai Hanci. Mace za ta wuce ta ƙofar shagonsa, ya gaya maka turaruka uku da ta gauraya, har da wanda ta ara. Ita malamar sinadarai ce a makarantar sakandare, autar gidansu, ba ta ɗaukar raini ko daga shugaban makaranta. Shekara biyu suna tare, saura wata biyu aurensu.

Wata biyar ke nan ya ƙirƙiro musu wani wasa. Duk Asabar idan ta zo, sai ya ce ta rufe ido, ya riƙa miƙo mata takardu ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin abin da ta ji, yana rubutawa a littafinsa. "Ina son in san duniya ta hancinki," haka yake cewa. Ita kuwa ta koma gida tana murmushi ita kaɗai.

Sai makon jiya wayar fankar shagon ta ƙone. Ƙauri ya cika ko'ina, har tela maƙwabcinsa ya leƙo a guje. Shi yana zaune yana rubutu abinsa.

"Buɗe idonka," ta ce.

Ya buɗe. Ta nuna masa kofin.

"Ruwa ne."

"Wane irin ruwa kuma?"

"Ruwan sha! Wanda ka zuba min da hannunka!"

Ya kalli kofin, ya kalle ta. Ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. A cikin shirun ne ta ji abin da ta daɗe tana ji ba ta kula ba: wani siririn fito da ke fita daga hancinsa duk sanda ya ja numfashi.

Sai ga jini. Ɗigo ɗaya a kan farar rigarsa, sannan na biyu.

"Mura ce, Malamata..."

"Mura wata biyar?"

"Haɓo ne kawai, tun ina yaro nake..."

"Littafin nan fa?" Ta fizgo shi daga kan tebur. Shafi bayan shafi, maganganunta ne, da kwanan wata, da sunan mai odar turaren a gefe. "Duk turaren da ka sayar tun wata biyar... ni na haɗa su ke nan?"

Ya danne hanci da hankici, ya sunkuyar da kai.

Ta ɗauki jakarta ta fita. Har ta kai bakin titi ba ta san ko fushi take yi ko tsoro take ji ba.

*

A falo ta tarar da Yaya tsaye, Mama na zaune ta zabga tagumi. Tun rasuwar Abba, Yaya ne uban gidan, kuma ya ɗauki matsayin da zafi.

"Zo nan, Auta. Zo ki ga angon naki."

Ya miƙa mata waya. Bidiyo ne na wani ɗakin casu, kiɗa na tashi, fitilu na walwali. Ga Hanci durƙushe gaban teburin gilashi, ga farin gari an ja shi layi-layi. Ya toshe kafar hanci ɗaya, ya zuƙe da ɗayar. Ya ɗago idanu a warwaje, yana cizon haƙora, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

Sau uku ta kalla.

"Wa ya turo maka?"

"Wannan ne ya dame ki? An fasa! Gobe zan mayar musu da kayansu."

"Na ce wa ya turo?"

"Ke Auta, yayanki ne fa," in ji Mama.

"Na sani, Mama. Amma aurena ne."

"Au, da iliminki da komai ɗan ƙwaya za ki aura?" Yaya ya daka mata tsawa.

"Ban ce zan aure shi ba. Ban kuma ce na fasa ba. Ni ce zan faɗa, ba bidiyo ba!"

Ta kwafi lambar da aka turo bidiyon da ita daga wayar Yaya, ta shige ɗaki ta kira. Tun daga sallamar ta gane muryar. Madam ce, mai shirya bukukuwa da casu, wadda ke sayen turarukan da ake raba wa baƙinta a wurinsa.

"Ayya, ƙanwata, kin gani ko? Taimakon ki na yi."

"A ɗakinki aka ɗauka."

"To, ni na danna masa kai? Tun da aka sa ranarku ya daina ɗaukar wayata, wai ya shiryu. Na ce bari amarya ta san kayan da za ta ɗauka. Ki bar mana shi, ƙanwata, mu ne muka san maganinsa. Ke koma wa allonki da alli."

Ta kashe wayar.

Ya daina ɗaukar wayar Madam? To ya bari ke nan? In ya bari, jinin na mene ne? In bai bari ba, me ya fusata Madam? Kanta ya ɗaure tamau. Ta haɗa kai da gwiwa, hawayen ma suka ƙi zuwa.

*

Ranar Litinin ta nemi izini a makaranta, ta tsaya a ƙofar shagonsa.

"Rufe shagon. Asibiti za mu."

"Zuciyata, ki saurare ni..."

"Kada ka sake ce min zuciyarka sai likita ya duba hancinka."

Likitar hanci da maƙogwaro dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta zura masa siririyar kyamara, ta juyo musu da allon na'urar.

"Kun ga bangon nan da ya raba kafofin hanci biyu? Kun ga hasken da ke wucewa ta tsakiya? Bai kamata ya wuce ba. Huda ce. Ita ke yin fiton da kuke ji." Ta dube shi ta saman tabarau. "Tun yaushe kake shaƙa?"

Ya kalli Malama, ya kalli ƙasa.

"Shekara ɗaya da rabi. Amma na rage, likita, wallahi na rage."

"Me ake kiran abin?"

"Kowa da sunan da yake ba shi."

"Shi ne matsalar. Haɗa shi ake yi a ɓoye, na yau daban, na gobe daban, mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba. Yana cinye fatar cikin hanci, naman ya mutu, guringuntsi ya ɓule. Daga can kuma kai tsaye yake shiga jini. Zuciyarka na bugawa da ƙarfi in ka shaƙa?"

"Kamar za ta fito."

"Jiki ya ɗau zafi, barci ya ƙaurace, bayan kwana biyu ka ji duniya ta yi maka baƙi?"

Ya gyaɗa kai.

"Da tsinke ɗaya kuke zuƙa kai da abokanka?"

Ya sake gyaɗawa.

"To sai an gwada jininka, don ciwon hanta na bin wannan hanyar. Hudar za a iya gyarawa, in ka bari gaba ɗaya. Jin ƙamshi kuwa..." Ta cire tabarau. "Ba zan yi maka alkawari ba."

A barandar asibitin ya zube kan benci.

"A wurin Madam na fara," ya ce. "Na kai turare, aka ce in gwada sau ɗaya. Ranar ji na yi kamar kowane ƙamshi ya buɗe min ƙofa. Na ɗauka aikina zai ƙaru. Kin ji wauta? Wata rana na tashi, na buɗe kwalbar wardi... shiru. Kamar an kashe fitila."

"Sai ka mayar da ni ma'aikaciyarka ban sani ba."

"Tsoro na ji. In ba hanci, ni wane ne?"

"Ni kuma na zaci so ne! Ina komawa gida ina ba wa matashin kai labari!" Sai yanzu kukan ya ƙwace mata. "Ban ma san wanne ya fi min ciwo ba, garin ko littafin. Ban san ko mutumin da nake so ya taɓa wanzuwa ba..."

"Ki bar ni, Malamata. Yayanki ya yi gaskiya."

Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe.

"Kai ma ba kai za ka yanke min ba. Tashi, ɗakin gwajin jini na can."

*

Ta ɗaga auren, ba ta fasa ba. Yaya ya daina amsa gaisuwarta. A ɗakin malamai, da ta shigo sai hira ta mutu. Ta riƙa shiga da kai a sama, ta gyara takardun ɗalibanta, in an tashi ta raka shi wurin masu ba da shawara kan barin shaye-shaye. Gwajin hanta ya fito lafiya, ta yi sujada a ɗakinta.

A wata na uku tela ya kira ta da rana tsaka.

"Malama, ki zo! Ya faɗi a shago, jikinsa kamar garwashi!"

Madam ce ta aiko masa da kyautar farin garin nan cikin kwalin odar turare. Kwana biyu ya yi kwalin na gabansa. A na uku ya buɗe.

Kwanansa huɗu a asibiti, zuciyarsa ta kusa tsayawa. Da ya farfaɗo ta tsaya a ƙafar gadon, ba ta zauna ba.

"Na jure surutun mutane, na jure fushin Yaya. Amma ba zan yi takaba kafin in yi aure ba. Kada ka neme ni."

Mako shida ba ta ɗauki wayarsa ba. Ta rame, ta yi duhu, wata rana ta rubuta darasin aji uku a allon 'yan aji ɗaya. Mama ta ce ta yi addu'ar zaɓin alheri. Ta yi ta yi, amma kullum da amsa daban take tashi.

Wata Asabar da safe Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana kaɗa makullin mota.

"Wannan mutumin naki ya ishe ni. Kullum yana ƙofar ofishina kamar mai gadi. Wai ya rufe shagon, ya kai wa hukuma kwalin matar nan, wai in riƙa kai shi gwajin fitsari da kaina duk wata, tunda ni ne ban yarda da shi ba."

"Ka kai shi?"

"Sau biyu. Babu komai." Ya haɗe rai. "Kada ki ɗauka son sa nake yi. Ramar nan taki ce ta dame ni, kin koma kamar sandar rake."

"Yaya..."

"Shekara ɗaya cur! In takarda ɗaya ta fito da datti, magana ta ƙare."

Takarda goma sha biyu Yaya ya tara a aljihun motarsa. An yi aiki an toshe hudar, fiton ya daina. Ƙamshi bai dawo ba. Ya samu aiki a wata maɗaba'a, yana yanka takardu, mutanen wurin ba su ma san an taɓa kiransa Hanci ba.

Aka ɗaura aure, ba taro mai yawa.

*

Sati uku da tarewa ta dawo daga makaranta da yamma. Tun daga matakala ta jiyo ƙauri. Ta banka ƙofa.

Yana zaune a falo ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana karanta jarida, fuskarsa fal fara'a.

"Sannu da zuwa, amarya! Yau hutu gare ki, ni na yi girki."

Ta wuce shi a guje. Hayaƙi ya turnuƙe kicin. Ta kashe risho, ta buɗe taga, ta sauke tukunyar shinkafa tana tari.

Ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga hayaƙin. Fara'ar ta zube daga fuskarsa.

"Ban ji ba," ya ce a hankali. "Wallahi ko kaɗan ban ji ba, Malamata."

"Na sani."

"Haka za ki zauna da ni? Har tsufa?"

Ta dube shi. Har yanzu akwai ranakun da take tashi ba ta tabbatar ko daidai ta yi ba, kuma ba ta taɓa ɓoye masa hakan ba. Ta janyo faranti biyu, ta kankaro saman shinkafar inda wutar ba ta kai ba.

"Ta ƙone sosai?"

"Ƙurmus."

"To me kike zubawa?"

"Abincin mijina." Ta miƙa masa cokali. "Zauna, masoyi. Kai dai ka huta, ba za ka ji ƙaurin ba. Ni ce zan sha wuya."

Ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ta kai loma ta farko, ta yamutsa fuska, ta haɗiye, ta sake ɗebo ta biyu.