Tsohuwar Salansar Motar Wissam

Ku matso kusa, wannan ba maganar da ake ɗaga murya a kanta ba ce, kuma shekaranjiya-shekaranjiyan nan aka gama ta. Kun san Lamis ta aji tara, wadda ta yi sati biyu ba ta zo makaranta ba aka ce mura ce? To ba wata mura. Motar yayanta ce!

Yayan nata shi ne Wissam, dogon nan da ke aiki a shagon taya na titin Warren. Shekara biyu yana ƙulle bakinsa yana tarin kuɗi, har ya samo mota ta hannu a garin Toledo, baƙa wuluk, mai ƙofa huɗu, silinda shida. Wata tsohuwa ce ta sayar masa dala dubu bakwai. Ta mijinta ce, tun da ya rasu take ajiye a ƙarƙashin bishiya a bayan gida, shekara uku cur ba wanda ya murɗa mata makulli.

Wissam ya haukace a kanta. Ya sa mata baƙin gilashi, ya canza wili, ya sauke ta ƙasa har in ta zo shiga gida sai cikinta ya goga siminti. Babansu yana kallo yana girgiza kai. Abu ɗaya ya gindaya masa.

"Ka ji ni da kyau. Baƙin mai, ruwan lagireto, duk wani dattin mota, ka yi shi a shagonku. Ka zubar mini a lungu hukuma ta zo, wallahi ranar motar nan za ta bar gidana."

"To, Baba."

Ran wata Alhamis iyayen suka tafi gaisuwar mutuwa. Rana ta yi ja, ganyen bishiyoyi na ta zubowa a titi, unguwa tsit. Wissam ya ɗaga motar a gareji, ya yanke tsohuwar salansarta, ya ja ta ya wurga a lungun baya kusa da kwandon shara. Ya ɗaura sabuwa mai baki biyu, ya tayar. Kai! Sai da tagogin kicin suka girgiza. Daɗi ya kama shi, ya ce bari ya ƙarasa aikin gaba ɗaya, ya kwance ruwan lagireto injin bai ko huce ba. Bokiti ya cika da kore-koren ruwa yana tururi.

Yana kwance a ƙarƙashin mota ya ƙwala wa ƙanwarsa kira.

"Lamis! Ɗauki wannan ki zubar a lungu."

"Yaya, magariba ta yi fa. Mama ta ce ba a zubar da ruwan zafi yanzu."

"Mama tana nan? Ke dai tsohuwa ce a jikin yarinya. Je ki, gobe in kai ki makaranta a gaban mota, ƙawayenki su mutu da baƙin ciki."

Ta yi dariya, ta ɗauka. Sauri take yi, duhu ya fara, bokitin na ƙona mata yatsu. Ba bisimilla ba komai ta sheƙa shi, kuma a kan tsohuwar salansar nan ya sauka.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo, sai ta tsaya a bakin gareji da bokitin a hannu.

"Yaya, ka ji kukan jariri?"

"Mage ce. Kuma kada ki gaya wa Baba."

Washegari da magariba, suna zaune za su ci abinci, sai ƙwas kamar a rufin gareji. Shiru. Sai ƙwas, ƙwas. Tsakuwa ce. Baba ya fita da cokali a hannu, bai ga kowa ba. Jibi haka. Gata haka. Da an kira salla a wayar Baba sai jifan ya fara, da duhu ya gama sauka sai ya tsaya.

Nan fa zargi ya tashi. Baba ya ce ba kowa ba ne sai Mista Zelinski, tsohon da suke katanga ɗaya, wanda ya yi shekara talatin yana walda a kamfanin motoci kafin ya yi ritaya. Sau biyu yana zuwa ƙofa yana cewa ƙarar motar nan na hana matarsa hutawa. Mama ma ta ce ai ranar Juma'a ta hango shi ta taga a lungu, ya sunkuya yana jan wani abu mai nauyi, yana waige-waige.

"Shekara ashirin muna aika masa abincin Salla," in ji Baba. "Ashe abin da ke cikinsa ke nan."

Ya daina amsa gaisuwar tsohon. Ya sayo kamara ya kafa tana kallon katanga. Suka zauna su huɗu suka kalli hoton magariba guda, ana jin ƙarar jifa sarai, amma ko ganye bai motsa ba ta gefen Zelinski. Sai Baba ya koma kan abokan Wissam. Mama ta koma kan matar ƙaninta, wadda ta zo ganin mota ta ce "oh, oh" ba ta ce masha Allah ba. Kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido.

Wissam kuwa ya yi gum. Shi kaɗai ya san wani abu: ya taɓa rufe kansa a gareji lokacin jifan, kuma tsakuwar ba daga waje take zuwa ba. Daga sama take faɗowa, a ciki, ƙofa a rufe. Ba ta taɓa fenti, ba ta taɓa gilashi. Sabuwar salansa kawai take samu. Ya ɗauki ɗaya, ya ji ta da ɗumi kamar an ciro ta daga baki.

Sai abin ya koma kan Lamis.

Ta dunƙule hannun dama ta ƙi buɗewa, in ka taɓa shi zafi rau. Ta daina ci. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba. Da rana tana nan kamar mai jin barci. Da rana ta faɗi sai ta miƙe, ta bi ta kicin ba takalmi, ta je bayan motar ta zauna a kan siminti mai sanyi, tana jijjiga hannun nan a ƙirjinta tana wata waƙa ƙasa-ƙasa, ba Larabci ba, ba Turanci ba.

Ran nan Wissam ya je ɗaga ta. Ta ɗago kai ta dube shi, kuma ba idon Lamis ba ne.

"Kai ka sani," ta ce, da muryar babbar mace.

Wissam ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya san in ya faɗa mota ta tafi, kuma Baba zai san cewa shi ya aiki yarinyar. Ya ce wa kansa gobe za ta warware. Goben ta zo sau tara.

Mama ce ta kira Shehi Munzir. Kun san shi, gajeren nan mai farin gemu da ya yi ta tuƙa bas ɗin makaranta kafin ya zauna a masallaci. Ya zo bayan la'asar, ya sha shayi, ya saurari Baba yana ta lissafa laifin Zelinski. Sai ya ce a nuna masa motar. Ya zagaya ta a hankali, ya tsuguna da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa wurin sabuwar walda.

"Wannan ba da ita ta zo ba."

"Na canza, Shehi."

"Da wane lokaci?"

"Da... da rana."

Shehi ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ce a kawo masa kujera nan gareji.

Rana ta faɗi. Ba wanda ya kunna fitila. Suna ji ƙofar kicin ta buɗe, sawun ƙafa ya tako a hankali, Lamis ta shigo ta wuce su kamar ba ta gan su ba, ta zauna a wurinta. Tsakuwa ɗaya ta faɗo, ƙwas, ta gangara ta tsaya a gaban takalmin Shehi.

Ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma garejin ya cika da ita. Lamis ta daina jijjiga. Wuyanta ya sandare. Mama ta toshe bakinta da mayafi.

"Ya isa, tsoho," in ji muryar. "Ni ma na san abin da kake karantawa."

"To ki ji tsoron Mai shi. Wace ce ke, me ya haɗa ki da yarinya?"

"Shekara uku ina zaune a bututun nan ni da ɗana. Duhu, shiru, ba mai damun mu. Aka kwaso mu aka kawo nan, ban ce komai ba. Aka yanke gidana aka yar a shara, ban ce komai ba. Sai aka zo da magariba, ba sallama ba sunan Allah, aka sheƙa wa ɗana tafasasshen ruwa a baya."

Baba ya juya ya dubi Mama. Mama ta dubi Baba.

"Wannan hannun ne ya zuba," muryar ta ce, Lamis ta ɗaga dunƙulallen hannunta. "Shi zan riƙe har bayan ɗana ya warke. In bai warke ba, na riƙe shi ke nan."

"Yarinya ce. Ba ta san kuna wurin ba."

"Ta ce magariba ta yi. Na ji ta da kunnena. Wani ne ya ce mata je ki. Kwana tara ina jira ya buɗe baki, yana nan yana barin ana zagin maƙwabci."

Wissam ya dubi ƙafafun ƙanwarsa a kan siminti, sun yi fari don sanyi, da ɗan jan farcen da ta shafa tun kafin abin ya faru duk ya ɓare.

"Ni ne," ya ce. "Baba, ni na aike ta. Na canza ruwan lagireto a nan, na ce ta zubar a lungu, na ce kada ta faɗa." Ya durƙusa a gaban Lamis, ya ajiye makulli a ƙasa. "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ga motar, na ba ki. Ga hannuna in hannu kike so. Ki sakar mini ƙanwata."

Sai muryar ta yi dariya, wata busasshiyar dariya.

"In yi me da ita? Abin da ke kuka kamar jakin da aka taka wa wutsiya? Gidana nake so. A mayar da shi inda yake kafin magaribar gobe. Kuma duk wanda zai tayar da motar nan ya yi sallama tukuna."

"Zafin injin fa?" in ji Shehi. "Ba zai ƙona ku ba?"

"Wuta tamu ce. Ruwa ne ba mu so."

"In an mayar, kin fita ke nan, ba dawowa. Ki yi alkawari da sunan Wanda ya halicce mu da ku."

Muryar ta yi alkawarin.

Wissam ya zabura ya nufi lungu da fitilar waya. Ba salansa! Ya duba bayan kwandon shara, ya duba ƙarƙashin ganye. Motar shara ta zo sau biyu tun ranar. Ya tsaya a wurin hannu a ka, hawaye na zuba, ƙaton saurayi.

"Wannan kake nema?"

Mista Zelinski ne ta saman katanga, da rigar sanyinsa mai zane-zane. Ya buɗe nasa garejin, ga ta nan a kan tebur, an wanke ta, an kankare tsatsa.

"Ta asali ce, yaro. Ba a yar da irin wannan. Na san wata rana kunnenka zai gaji ka zo nemanta. Sai dai tun da na kawo ta karena ya ƙi shiga nan."

Baba yana tsaye a baya, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da gari ya waye shi da kansa ya ɗauki tiren burodin za'atar, irin na Larabawa mai kayan ƙamshi, da zafinsa, ya kai gidan tsohon, ya daɗe a can. Kuma Zelinski ne ya zo da injin waldarsa ya mayar da salansar, yana yi yana yi wa Wissam tsiya wai waldarsa kamar kaza ta yi kashi a layi. Shehi yana gefe a kujera yana jan carbi.

Suka gama rana na gab da faɗuwa. Lamis tana zaune a matakalar kicin, Mama na riƙe da ita. Aka kira salla a wayar Baba. Kowa ya kasa kunne yana jiran ƙwas.

Shiru.

Sai yatsun Lamis suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. A tafin hannunta akwai 'yar tsakuwa guda, ta yi sanyi. Ta dube ta, ta dubi yayanta.

"Yaya, ka ce za ka kai ni makaranta a gaban mota. Kuma yunwa nake ji."

Baba bai sayar da motar ba. Ya ce hukuncin da ya fi shi ne Wissam ya yi ta tuƙa ta haka, shiru kamar motar kai gawa, abokansa na yi masa dariya a gidan mai. Kuma suna yi! Har suna ce masa Alhaji.

Yau da safe Wissam ya kawo ƙanwarsa makaranta, a gaban kowa. Lamis ta fita daga gaba, ta rufe ƙofa. Ya ce assalamu alaikum ƙasa-ƙasa, ya tayar. Sai ƙararrawar bel ɗin kujera ta kama ƙara, tin, tin, tin, alamar akwai mutum a kujerar gefe, alhali ba kowa a kai. Wissam bai ko waiga ba. Ya miƙa hannu ya ja bel ɗin, ya ɗaura wa kujerar, ya ja motarsa a hankali ya tafi.