Ƙarar Keken Tela

"Wai me Baba ya yi wa mahaifiyarka?" Auta ta tambaya.

Saurayinta, malamin lissafi, ya sunkuyar da kai. "Zuciyata, bar maganar nan..."

"Ba zan bari ba! Faɗa min!"

"Ta ce ba za ta haɗa zuri'a da wanda ya buɗe shago washegarin fashewar tasha ba."

Auta tana goye aka yi abin, amma babu ɗan birnin da bai san ranar ba, ranar da tashar jirgin ƙasa ta tarwatse da mutanen cikinta, har da mahaifin malam. Ƙasa duka ta yi makoki. A lokacin, shagon ɗinkin babanta yana ƙarƙashin benen da su malam suke haya.

Ranar tunawa da mamatan, Auta ta je ta durƙusa gaban mahaifiyar malam.

"Mama, in za ki raba mu, ki zo ki faɗa wa babana laifinsa ido da ido."

"Ke, ba ki da kunya?"

"Ina da ita, Mama. Son ɗanki ne ya fi ta ƙarfi."

Matar ta harare ta, sannan ta jawo mayafi.

Suka ratsa titin tasha. Inda a da toka ce da ɓaraguzai, yanzu ga masu aski, ga mai gyaran agogo, ga 'yan makaranta suna tsallake titi. Suka tarar da Baba a kan keken ɗinki, tabarau a kan hanci.

"Ka gane ni?"

"Maƙwabciyar sama. Sannu da zuwa."

"Mijina ko kwana bai yi a kabari ba, kai kuwa sai kar-kar-kar! Ba ka da zuciya ne?"

Baba ya cire tabarau. "Tsoro nake ji, baiwar Allah. Na san in ban buɗe ranar ba, na rufe ke nan har abada. Ko aiki ban da shi, tsumma nake ta bi da allura. Can sai na ji mai shayi ya hura wuta, mai aski ya ɗage ƙofa..."

"Ni kuwa na kwanta ne da niyyar kada in ƙara tashi," ta katse shi. "Ƙarar nan ta hana ni! Na miƙe don in sauko in zage ka tas. Ina miƙewa na ga ɗana a bakin ƙofa, bai ci komai ba tun jiya. Sai na ɗora tukunya..."

Auta ta ji hawaye na bin kumatunta. Kullum ana cewa haƙuri ne ya tayar da birnin nan. Ashe wasu fushi ne ya ɗaga su.

"To zagin fa?" Baba ya tambaya a hankali. "Har yau ina jira."

Dariya ta ƙwace wa matar cikin kuka. Ta dubi Auta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta juya wajen Baba ta buɗe hannuwa.

"Auna ni, kayan bikin 'yata Auta nake so. Amma fa ban yafe ba!"

"Riƙe abinki," in ji Baba, yana ɗauko abin awo. "Shi ya kawo ki yau."