Hular da Ta Kashe Fitilu

Kai ma ka sha ganin an cusa itace a makunnin wuta don kada ya faɗi, ka kau da kai ka wuce. To, ga abin da irin wannan itace ya jawo a wata masana'antar matsar gyaɗa da ke bayan garin Kazaure, a shekarun da arzikin fetur ya cika mu da injuna ya bar mu da tsohon sakaci.

Da hantsi aka kira Sufeto Abdulkarim na 'yan sanda. Ɗaya daga cikin janareto biyu na masana'antar ya ƙone, mai kula da su, Dunoma, yana asibiti hannuwansa a naɗe. Manaja ya riga ya yanke hukunci: ganganci ne, a kore shi, a soke kwas ɗin Jamus da aka zaɓe shi ya je.

"Yallaɓai, ban yi ganganci ba," in ji Dunoma daga kan gado. "Ba a haɗa inji biyu sai gudunsu ya zo ɗaya. Akwai fitilu a allo, in sun mutu, sun daidaita ke nan. Na ta da na biyu, na ɗago kai, fitilu a mace, na haɗa."

"Makunnin da ke yanke wuta in an yi kuskure fa?"

Dunoma ya juya fuska bango.

A ɗakin injuna Sufeto ya tarar da amsar. Guntun icen marke ne a tokare da makunnin.

"Wa ya sa wannan?"

"Ai ya daɗe, ranka ya daɗe," in ji manaja Daudu. "Yawan faɗuwa yake, aiki na tsayawa."

"Wato mai gadi ya cika ihu, sai kuka ɗaure masa baki."

Sufeto ya taɓa ƙwan fitila na farko a jikin allon, sai ya ji yana rawa. Duk an sassauta su. Baƙin hayaƙin da ya daɗe yana taruwa ya rufe komai a ɗakin, amma jikin kowane ƙwai fes yake, kamar an kama shi da tsumma.

"Suna da zafi in inji ɗaya na aiki?"

"Ba sa taɓuwa da hannu," in ji Daudu.

Aka kira Haladu, babban makaniki, wanda ya koya wa Dunoma aiki. Ya shigo da kyakkyawar hular Barno.

"Ni ina Roni, gaisuwar mutuwa. Ban shigo nan ba yau. Yaron nan dama rawar kai gare shi, tun da aka ce Jamus ko gaisuwa sai ya ga dama."

"Hular nan ta yi kyau, Malam Haladu."

"Shi ya ba ni," ya ce, bakinsa a karkace.

"Ara mini in gani."

Haladu ya tsaya ƙiƙam. Sajen da ke tare da Sufeto ya miƙa hannu ya ciro ta. Sufeto ya juya cikinta. Ga zagayen baƙin hayaƙi, ga inda zafi ya toye zaren. Ya kifa ta a kan ƙwan fitila, tabon ya zauna daidai.

"A gidan makokin aka ba ka wannan?"

Haladu ya zauna a ƙasa.

"A zaurena ya kwana da ya zo garin nan! Ni na nuna masa yadda ake riƙe sufana. Shi za a sa a jirgin sama, ni a sa mini hula? So na yi inji ya yi tari, a ce bai iya ba. Wallahi ban nufe shi da wuta ba."

"Ka san da icen nan?"

"Kowa ya sani."

Saje ya sa masa ankwa. Sufeto ya zare icen ya ɗora wa Daudu a tafin hannu. "Kai ma mu je. Hassada ta kwance fitila, amma wannan ne ya ƙone yaron."

An wanke Dunoma, sai dai likita ya ce yatsun ba za su sake riƙe sufana ba. Wani aka tura Jamus.

Akwai irin icen nan a wurin aikinka, ka kuma san inda yake. Tashi ka zare shi yau.