Mai Raɗa na Gidan Pak Tukiran

Ranar Lahadi ce, rana ta kusa faɗuwa, kwaɗi sun fara kuka a fadamar shinkafar da ke bayan gidan Pak Tukiran. Matarsa Bu Ngatini tana madafa tana soya tempe, wainar waken soya. 'Yarsu Winarsih tana guge tufafin wasan daɓe a tsakar gida, ni kuma ina gefenta da allura, don ni ce mai ɗinkin ƙungiyar wasan ubanta tun kafin a haife ta. Maigidan yana baranda da jarida, yana karanta labari ɗaya tun safe. Labarinsa ne. An buga hotonsa, an ce ƙungiyarsa ta ketoprak, wasan daɓenmu na gargajiya, tana cikin goma sha biyun da aka zaɓa su je bikin wasannin daɓe a birnin Semarang, inda kowace ƙungiya za ta nuna tsohon wasanta. Tasu ranar Asabar ce. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunansa, an ƙara da cewa shi ne marubucin wasan.

Ladan na buɗe baki, dutse na farko ya sauka a kan rufin. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri.

"'Yan ƙungiyar Kasmo ne, abokan hamayyarmu," in ji Pak Tukiran, ko kansa bai ɗaga ba. "Ba a zaɓe su ba, baƙin ciki zai kashe su. Matsiyata."

Ya zagaya bayan gida da sanda yana ta zage-zage, bai ga kowa ba. Yana dawowa, dutse na huɗu ya faɗo a tsakiyar ɗaki, gaban idonmu, alhali rufin ko tsagewa bai yi ba. Winarsih ta ɗauka. Dutsen kogi ne, sumul, jiƙe sharkaf, yana warin laka, ga shi mun yi sati biyu ba a yi ruwa ba. Bu Ngatini ta fito daga madafa da cokali a hannu, ta dubi dutsen, ta dubi mijinta.

"Na gaya maka," ta ce.

"Rufe min baki, Bu."

Abin da ta gaya masa, kowa a ƙungiyar ya san shi. Wasan da gidan nan ke taƙama da shi, Mai Fito, ba a taɓa rubuta shi ba. Mu dama ba ma haddace takarda: kafin a buɗe labule shugaba ya tara mutane ya faɗa musu yadda labari zai tafi, kowa ya hau ya nemo maganarsa. Amma Mai Fito daban ne. Tun zamanin kakan Tukiran ake ajiye wata 'yar kujera a bayan labule ta hannun hagu, babu mai zama a kai, babu mai ɗora ko ɗankwali. Wanda ke fitowa a matsayin mai fito, in ya karkata kansa hagu, magana ta zo masa a kunne, irin wadda ke sa 'yan kallo su manta da gyaɗar da ke hannunsu. Mai Raɗa muke ce masa, kuma ba ma faɗa da ƙarfi. Sharaɗinsa ɗaya ne tal: abin da ya raɗa na wannan ranar ne, kada a sa shi a takarda.

To, kwamitin bikin ya ce sai kowace ƙungiya ta kawo wasanta a rubuce, da sunan marubuci. Pak Tukiran, mutumin da shekara talatin yake jiran a kira sunansa a birni, ya zaunar da Winarsih mako guda cur, yana faɗa tana rubutawa, don ita ce ta yi makaranta. Da aka zo wurin suna, ko tari bai yi ba ya ce ta sa nasa. Ni dai na ji kunya a madadinsa, kuma har yau ina ji.

Ranar Litinin da magariba duwatsu suka dawo, suka kawo murya. Daga cikin akwatunan kayan wasa take fitowa, ƙasa-ƙasa, kamar tsoho na gunaguni a ɗaki na gaba. In ka matsa sai ta yi tsit, in ka juya baya ta ci gaba. Makaɗan da suka zo gwaji suka tattara sandunansu ɗaya bayan ɗaya. Sarju, wanda ke fitowa a wawa, ya tsaya a ƙofa yana sa takalmi.

"Pak, ashe marubuci yana da baƙo," ya ce. "Ka ba shi kofi mana."

"Fita min daga gida, ɗan iska. Duk wanda bai zo gwaji gobe ba, kada ya hau mota ranar Asabar."

Washegari Winarsih tana wanke shinkafa, sai ta saki ƙwaryar. Ta miƙe tsaye, ta taka zuwa tsakiyar ɗaki da wata irin tafiya ta mai ciwon gwiwa, ta buɗe baki ta fara Mai Fito daga farko. Muryar ba tata ba ce. Ta tsoho ce, mai kauri, mai kaushi. Ta yi maganar mai fito, ta yi ta sarki, ta yi ta matar da ta nutse, har ƙarshe, sannan ta koma farko ba tare da ta huta ba. Hannunta na dama, wanda ta yi rubutun da shi, ya dunƙule tamau, mu biyu muka kasa buɗe shi. Ruwa in an kai bakinta sai ta furzar. Kafin gari ya waye leɓenta ya tsage, muryar tana fita da jini-jini, kuma ba ta tsaya ba.

Ɗan jaridar da ya buga labarin ya kira waya, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin. Pak Tukiran ya ce masa mura ce ke damun yarinyar, shiri na tafiya lafiya lau. Wannan ma da sauƙi. Da hantsi Bu Ngatini ta sami mijinta tsugune a bakin ƙofar ɗakin, da biro da takarda a cinya. Cikin abin da yarinyar ke faɗa akwai maganganun da shi kansa bai taɓa ji ba, shi ne yake kwashewa. Ta fizge biron ta jefa a rijiya. Ta ɗauki mayafi ta fita, ta dawo bayan la'asar da Kiai Solikin a bayanta yana tura kekensa.

Kiai Solikin siriri ne, tsoho, malamin da ya koya wa rabin garin karatun Alƙur'ani, kuma bai taɓa ɓoye cewa ba ya son zancen kujerarmu ba. Ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya sa aka kawo kujerar da takardun aka ajiye a gabansa. Ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Hasken ɗakin ya yi ja, ya yi toka-toka, kwaɗin ma suka yi shiru. Sai wasan ya yanke a tsakiyar kalma. Winarsih ta juyo da kanta, ta dube shi da ido ɗaya.

"Malam, ka daina. Ba da kai nake faɗa ba."

"Da wa kake?"

"Da ɓarawon can da ke maƙale a jikin bango. Kakansa na tsamo daga kogi. Mutum uku na yi wa raɗa a gidan nan, daga kaka har jika, ban nemi ko ƙwayar shinkafa ba. Abu ɗaya na ce. Ya sa ni a takarda, ya ɗora sunansa a kaina."

"Yarinyar me ta yi maka?"

"Hannunta ne ya rubuta. Hannun nawa ne, da abin da ke manne da shi."

"Ba naka ba ne," in ji Kiai. "Na wanda ya halicce ka ne, kuma ka sani. Faɗi wani abu."

Aljanin ya nemi baƙin bunsuru a yanka masa a bakin kogi. Kiai ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah, ya koma karatu, ya ɗaga murya. Jikin yarinyar ya lanƙwashe, duwatsu suka zubo a kan rufi kamar ana juye kwando. Ni da Bu Ngatini muka riƙe ta, zafin jikinta yana ƙona mana tafin hannu.

"Tsaya," in ji muryar, tana haki. "To, a ba ni abina. A ƙone takardun nan. Na wurin kwamiti ruwa ya riga ya ci su. In kwashe maganata daga gidan nan, har wadda ke cikin kansa, kada in bar ko ɗaya. Amma da bakinsa zai ce in kwashe."

Kiai ya juya. "Tukiran, ka ji. Haƙƙinsa yake nema. Ka faɗa."

Pak Tukiran bai faɗa ba. Ya dubi takardun, ya dubi kujerar, ya shafa wuyansa.

"Kiai," ya ce, "ba zai yiwu a bari sai bayan Asabar ba? Kwana uku ne kawai."

Bakin Winarsih ya buɗe da wata dariya mai sanyi, jini ya biyo haɓarta. "Na yarda," in ji muryar. "Kwana uku. Ina nan zaune, ina jin daɗin wurin."

"Tun jiya ruwa bai shiga cikinta ba," Kiai ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ranar Asabar ɗin sai ka zaɓa, ko dandamali ko maƙabarta, don ba za ka je duka biyun ba."

Bu Ngatini ta saki yarinyar, ta shiga madafa, ta dawo da kaskon garwashi ta dire a gaban mijinta. Ta tsaya a kansa. Shekara ashirin da shida na san matar nan, ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

"Ka faɗa, Pak," ta ce. "Ko wallahi in juye maka shi."

Ya faɗa, da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori. Ita ta zuba takardun a wuta. Kiai ya ɗora da karatu, ya sa aljanin ya yi alkawari ba zai dawo ba, ya ce ya fita ta inda ya shiga. Yatsun Winarsih suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Kujerar ta kife da kanta. Warin laka ya bi ƙofa ya fita, yarinyar ta sulale a jikina, ta ce da muryarta, 'yar siririya, a ba ta ruwa.

Ranar Asabar mun je Semarang, don Pak Tukiran ya ce ai wasan da ya yi sau ɗari ba zai gagare shi ba. Zauren ya cika. Aka buga gong, babban faifan tagulla, aka ja labule, ya fito da sandar fito a hannu, ya tsaya inda ya saba, ya karkata kansa hagu. Ina bayan labule ina kallonsa. Ya ƙara karkatawa. Ya buɗe baki ya rufe. Wani daga baya ya yi fito, wani ya ce ko marubuci ya manta gilashinsa ne, zauren ya kwashe da dariya. Sarju ya faɗa dandamali yana ta shirme don ya rufa masa asiri, amma ina. Aka ja labule, kuma jarida ta ba shi layi biyu washegari.

Da yammacin Lahadi yana zaune a baranda, ya tsufa cikin kwana ɗaya. Winarsih ta kawo masa shayi da hannun hagu, don na daman bai gama warkewa ba. Tun da ta farfaɗo ba ta yi masa magana ba.

"Nduk, 'yata," ya ce, "kin ga abin da ya samu ubanki. Saboda ke na rasa komai."

Ta ajiye kofin a hankali, don kada ya zube.

"Ina ji, Pak," ta ce. "Ranar nan ban iya magana ba, amma duk abin da aka faɗa a ɗakin ina ji. Da uwata ba ta kawo wuta ba, da ka karɓi kwana ukun."

Ya buɗe baki. Ta tsaya tana jira, ta ba shi lokaci sosai, har shayin ya daina hayaƙi. Da ta ga ba shi da abin cewa, sai ta ɗauki farantin ta koma ciki.