Sunan Baba a Layin Farko

"Wa ya ce ki sake bugawa? Wa ya sa ki?!"

Auta ba ta taɓa jin Kwamared ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Yana tsaye a tsakiyar ɗan ofishin ƙungiyar ƙananan ma'aikatan jami'a, da takardu biyu a hannunsa. Ɗaya takardar kokensu ce. Ɗayar kuma wasiƙar da aka miƙa wa mahaifinta da safe ce: an dakatar da shi daga aiki, wai shi ne jagoran masu tunzura ma'aikata.

"Akawun ofishin Magatakarda ne ya ƙi karɓa," ta ce. "Ya ce ba sa karɓar takarda mai datti. Duk maiƙo ne a jiki, ga dangwalen yatsu, ga sunaye sun zagaye kamar bakin rijiya..."

"Ai da gangan muke zagayewar!"

"To ni na sani ne? Sati uku ke nan da kuka zaɓe ni sakatariya. Wa ya zaunar da ni ya faɗa min?"

Gaskiyarta ce. Tun kafin a haife ta, ƙungiyar ba ta sa hannu a jere. Farantin cin abinci ake kifawa a tsakiyar takarda a zana da'ira, kowa ya sa hannu a gefenta, mai sa hannu ya sa, mai dangwala yatsa ya dangwala. Ta haka babu na farko, babu na ƙarshe, hukuma ba ta da wanda za ta nuna ta ce shi ne ya fara. Kowa ya san dalili, shi ya sa babu wanda ya tuna ya faɗa wa sabuwa.

Ita kuwa shekararta huɗu tana buga takardu a sashen nazarin ƙasa, kuma abin da aka koya mata shi ne tsafta. Sai ta zauna ta jera sunayen nan a kwamfuta, lamba ɗaya, lamba biyu. Da ta zo batun wa za a fara sawa, ba ta ma yi dogon tunani ba. Babba ake fara ambata. Babban kowa a ƙungiyar kuwa shi ne Baba Mai Famfo, mahaifinta, wanda saura wata bakwai ya ajiye aiki.

"Girmamawa na yi..." ta ce, hawaye suka zubo. "Wallahi girmamawa na yi."

Jikin Kwamared ya yi sanyi. Ya ajiye takardun, ya jawo mata kujera.

"Yi haƙuri, rabin raina. Laifina ne. Share hawayenki, kada masu shara su shigo su ce tun kafin biki na fara."

Ba ta yi dariya ba. Saura wata biyu bikinsu.

Abin da koken ya ƙunsa ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Bututun da ke kwashe ƙazantar banɗakunan ɗalibai mata ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, dab da tankin ruwan shansu. Sau biyar Baba yana kai rahoto, sau biyar ana ce masa an ji. Har aka wayi gari ɗalibai suna kwance reras a asibitin makaranta, ana yi musu ƙarin ruwa, wasu a kan benci don gadaje sun ƙare. Me hukuma ta yi? Ta ce masu shara ne ba sa wanke banɗaki, ta kori mata uku. Manyan malamai kuwa, masu rubuta littattafai a kan adalci, suka ɗaga gilashin motocinsu suka wuce. Su ai ruwan roba suke sha.

Washegari Magatakarda ya aiko a kira ta. Mutum ne mai laushin murya, har ya tambaye ta jikin Umma.

"'Yata, ni na san mahaifinki. Ba zai iya rubuta wannan Turancin ba. Amma takarda ta nuna shi ne na ɗaya, kuma ke kika buga."

"Ranka ya daɗe, tsarin shekaru na bi..."

"Na yarda. To wa ya rubuta?"

Ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ci gaba.

"Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis. Suna ɗaya muke so. Kika faɗa, Baba ya koma bakin aikinsa, ya ƙarasa watanninsa da mutunci. Kika ƙi, kora ce, kuma gidan ma'aikata da kuke ciki sai ku ba da makulli cikin sati biyu." Ya yi murmushi. "Ki gaishe da mutan gida."

Ta sauko daga benen. Ta san wanda ya rubuta. A gabanta Kwamared ya rubuta, tana riƙe masa murfin biro, yana karanta mata tana gyara masa.

A gida ta tarar da Umma a tsakar ɗaki, ta sauko da akwatuna daga kan kwaba tana kakkaɓewa. Baba yana bakin ƙofa a kan tabarma, ya baje sufanu da filaya yana goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, kamar gobe da aiki. Auta ta durƙusa ta faɗa musu komai.

"To me kike jira?" Umma ta ce. "Ki faɗa mana!"

"Umma, korarsa za su yi..."

"Shi kuma ubanki biki za su yi masa? A ɗakin nan na haife ki! A ɗakin nan na yi jinyar yayanki har Allah ya karɓi abinsa! Yanzu da furfurata zan ɗauki katifa a ka ina neman haya?"

"Umma..."

"Shi yaro ne, da takardunsa, ko'ina ya je zai ci abinci. Miji ana samun wani, Auta. Uba fa? A wace kasuwa ake sayarwa?"

Baba bai ɗago ba. Ya ɗaga wata sufana ya duba ta a hasken rana.

"Ke dai kin cika faɗa," ya ce wa Umma. "Auta, an ce sunana ne a sama?"

"E, Baba. Ka yafe min."

"A saman na direbobi?"

"A saman na kowa."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da gugarsa.

Ranar Laraba da la'asar ta sami Kwamared a bayan ɗakin gwaje-gwaje inda yake aiki, yana wanke kwalabe. Bai ko cire farar rigarsa ba.

"Ka je ka faɗa da bakinka," ta ce. "Kada ka bari ni na faɗa."

"Auta, taro ya yanke hukunci jiya. Babu wanda zai shiga shi kaɗai. Duk wanda aka tambaya, amsa ɗaya ce: mu duka muka rubuta."

"Taro! Taron ne zai ba Umma ɗaki?"

"Ki saurare ni, don Allah. Ina shiga na ce ni ne, shi ke nan sun samu abin da suke so. Za su ce ba koken ma'aikata ba ne, wani yaro ne mai neman suna. Takardar ta mutu. Matan nan uku ba za su dawo ba. Tankin nan ba za a taɓa shi ba. Kin ga yarinyar da aka fitar jiya a motar asibiti? 'Yar aji ɗaya ce, ko sati shida ba ta yi a makaranta ba!"

"Na gan ta! Kana zaton ba ni da zuciya ne?"

"Ba haka na ce ba, masoyiya..."

"Kada ka kira ni haka yau. Ubana fa? Shi ba mutum ba ne? Ko sai an kwantar da shi a benci sannan zai shiga lissafinka?"

Ya ajiye kwalbar, hannunsa yana ɗigar ruwa.

"Baba ubana ne ni ma. Wallahi tun shekaranjiya abinci bai wuce min ba. Gobe duk za mu tsaya a ƙofar zauren, mu duka, ba za su iya korar..."

"A ƙofa."

"Auta..."

"A ƙofa za ka tsaya, shi yana ciki."

Ta juya. Ya kira ta sau biyu, ba ta waiwayo ba.

Ranar Alhamis da hantsi filin gaban zauren ya cika. Masu shara da tsintsiyoyinsu, masu dafa abinci, direbobi, masu gadi da suka tashi daga aiki, da ɗalibai mata riƙe da robobin ruwan tankin, ruwan ya yi kalar shayi. Kwamared yana kan matakala da lasifika, muryarsa ta dishe. Da ta zo wucewa da Baba, idonsu ya haɗu. Ya sauke lasifikar. Bai matso ba.

A ciki mutum biyar ne a bayan dogon teburi, kowa da robar ruwansa a rufe. Baba ya sa wankakkiyar rigar aikinsa mai ruwan toka. Aka ba su tsayuwa.

"Sakatariya," Magatakarda ya ce, "kin yi tunani?"

Ta yi tunani har kanta ya yi ciwo. Ta ga Umma da katifa a ka. Ta ga hannun Kwamared yana ɗigar ruwa. Ta ɗago kai, ta buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, wanda ya rubuta shi ne..."

"Ni ne."

Baba ne. Bai ɗaga murya ba.

"Haba Baba," wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi dariya, "kai da ko sunanka dangwale kake yi?"

"Biro ba nawa ba ne, gaskiya ne. Amma wa ya shiga ramin? Wa ya sa hannu ya taɓo fashewar? Sau biyar na hau benen nan, ranka ya daɗe, na biyar ɗin har ka ce min takalmina yana ɓata maka kafet. Duk abin da ke cikin takardar nan daga bakina ya fito. Yaran sun juya shi ne zuwa yaren da kuke ji, tunda nawa ba ya shiga kunnenku."

"Ka san abin da kake jawo wa kanka kuwa?"

"Shekara talatin da huɗu ina aiki a nan. Ban taɓa ganin sunana a farkon wata takarda ba, ko ta rabon rigar ruwa. Yau 'yata ta sa ni a gaba, kuma a kan gaskiya. Ku bar shi a inda yake."

"Baba!" Auta ta riƙe hannun rigarsa. "Baba, don Allah..."

"Yi shiru, Auta. Manya na magana."

Kafin azahar aka buga takardar korarsa. Bayan kwana huɗu, da ma'aikata suka ajiye aiki, ɗalibai suka ƙi shiga aji, sai ga leburori sun zo sun tone tankin, aka kuma mayar da matan nan uku. Batun Baba kuwa aka ce kwamiti ya riga ya rufe. Aka yi ta tafi a filin taro. Har waƙa aka yi wa Baba Mai Famfo, shi kuwa yana gida yana kwance ƙusoshin labule.

Ranar tashi, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida tun da safe. Kwamared ya zo ya naɗe hannun riga, ya ɗauki gado, ya ɗauki kwaba, ya yi ta jigila ba wanda ya sa shi. Umma ba ta amsa gaisuwarsa ba. Baba ne ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sannu ɗana, kada ka fasa min madubi, surukarka ta samu na faɗa."

Da ɗakin ya zama fayau, Kwamared ya sami Auta a ciki ita kaɗai, tana kallon shatin da hotuna suka bari a bango.

"Za mu ɗaukaka ƙara," ya ce a hankali. "Na yi magana da lauyan uwar ƙungiya. Ba za mu bar shi ba."

"Sunanka zan faɗa."

Ya juyo ya dube ta, ita kuma ta ci gaba.

"Da Baba bai riga ni ba, sunanka zan faɗa. Ya riga ya zo kan harshena. Ina so ka sani."

"Na sani," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Ina tsaye a waje ina roƙon Allah ki faɗa. Da kin faɗa da na huta."

"Amma ba ka shigo ba."

"Ban shigo ba."

"Kuma da za a sake, ba za ka shigo ba."

Ƙarya ɗaya tak take buƙata, kuma da ya yi ta da ta karɓa da hannu biyu. Amma da mai ƙarya ne, ai da ba ta so shi ba tun farko.

"Ba zan shigo ba," ya ce.

Kuka ya ƙwace mata. Ta zare zoben da ya ba ta, da ƙyar ya fita, ta ɗora a kan tagar da babu labule.

"Ka yi daidai. Wallahi na san ka yi daidai, yaran nan suna shan ruwa mai kyau. Amma ni ba zan iya ba... Kullum na kalle ka Baba zan gani yana miƙa makulli. Kai kuma kullum ka kalle ni za ka tuna na buɗe baki."

"Auta, zuciyata, ki ba mu lokaci! Ko shekara ce zan jira!"

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya kashe. Ta sake yi. Ta ga sunan a fuskar wayar: shugaban direbobi ne, ƙarfe goma za su zauna da hukuma a kan safar hannun masu shara.

"Je ka," ta ce. "Suna jiranka."

Ta tsaya tana jira ya ce a'a. Ya kalle ta, ya kalli wayar, hawaye na bin gemunsa. A waje direba ya danna oda, Umma tana ƙwala mata kira.

"Zan zo da yamma," ya ce. "Ki faɗa min unguwar..."

Ba ta faɗa ba. Ta fita ta hau gaba, ta matse kusa da Umma. Da motar ta tashi, ta leƙa madubin gefe. Yana tafe da sauri ya nufi zauren taro, yana share fuska da hannun riga, wayar a kunnensa.

Umma, wadda ta kwana goma ba ta yi mata magana mai daɗi ba, ta jawo kanta ta kwantar a cinyarta.

"Yi kukanki, 'yar nan," ta ce. "Hanyar da nisa."