Bugun da Yaya Ta Ji

Dab da magariba na rufe shagona na gyaran kwamfuta, na jefa wani tsohon faifan ajiya a jaka. Mai gwangwan ne ya kawo mini shi, ya ce a wani gida da aka daɗe da rufewa ya tsinto. Ni kuwa son banza bai bar ni ba. Na ce bari in gwada shi a gida.

A saman bene muke, ni da Yaya. Kurma ce tun haihuwa, don haka ba da baki ake kiranta ba. Marigayiya Mama ce ta koya mana: ka bugi tebur ko ƙafar gado, girgizar ta isa jikinta, ta waiwayo. Kowa da irin bugunsa. Nawa na gaggawa ne, Yaya takan tsokane ni da hannu wai kamar kaza na tsattsagar tire. Na Mama a hankali yake, sai ta ja farce a ƙarshe.

Na jona faifan a kan tebur, Yaya na gefe tana ninke wanki. Ya fara juyawa, zuuu. Sai ƙas, ƙas. Duk mai gyara ya san wannan ƙarar, faifai ya kusa mutuwa ke nan. Na yi yadda muka saba, na ɗora bakin sukudireba a kansa, na kafa kunne a ƙotar.

Numfashi na ji, irin na mai tsohon tari.

Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Faifan bai tsaya ba. Na fizge wayar, ya ci gaba da karkarwa har cokali yana rawa a cikin kofi. Ƙamshin man zafi ya cika ɗakin, irin wanda Mama ke shafa wa gwiwa.

Ƙas. Ƙas. Ƙirrr.

Yaya ta saki rigar da ke hannunta. A ɗan hasken da ya rage a taga na ga ta shimfiɗa tafinta a kan tebur tana murmushi, hawaye na zuba. Ta yi mini alama: Mama ce.

Na girgiza kai, na yi mata alamar kabari. Ko kallona ba ta yi ba. Na bugi tebur da nawa bugun har hannuna ya yi zafi. A banza.

Ta ɗauki faifan ta rungume a ƙirji. Ta nufi baranda.

Na ƙwalla kiranta, ni da na san ba ta ji. Kafin in isa ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfen baranda. Na cafke ƙugunta, na damƙi faifan. Sanyi kamar ƙanƙara, girgizarsa na shiga mini har haƙora.

Wani raɗa ya fito daga cikinsa.

"Auta, sakar mini ita."

Muryar Mama ce sak. Amma Mama ba ta taɓa son Yaya ta matsa kusa da ƙarfen nan ba. Na ja A'uzubillahi, na murɗe faifan daga hannun Yaya, na wurga ƙasa.

Ban ji faɗuwarsa ba.

Da safe na duba, ko ɓurɓushi babu. Tun daga ranar na daina kafa kunne a kan faifai, Yaya kuma ta daina waiwayowa in an bugi tebur. Sai na zagayo gabanta ta gan ni. Abin ya yi mini ciwo, ran nan na tambaye ta ko fushi take da ni.

Ta kalli teburin, ta janye hannunta daga kai. Sannan ta yi mini alama a hankali: ba kai kaɗai ke bugawa ba.