Sunansa Cikin Baka Biyu

A ɗakin karatu na jami'a suka fara haɗuwa. Tana fama da jerin manazarta na kundinta, idonta ya yi ja, sai wanda ke zaune gefenta ya miƙo biro ya nuna mata layi ɗaya.

"Ki gafarce ni, 'yar'uwa. Shekara ake fara sakawa bayan sunan marubuci. Kuma waƙafin nan naki ya ɓata hanya."

Kunya ta kama ta, amma ta yi dariya. Tun daga ranar yake kiranta Waƙafi, ita kuma tana ce masa Sarkin Ƙa'ida.

Sashensu ɗaya, duk suna binciken lafiyar mata. Wata rana a kan bencin bakin laburare ta yi masa kukan ta rasa dalilin da mata ke daina zuwa awon ciki.

"Kowa nisan asibiti yake tambaya," in ji shi. "Ni kuwa tambayata ita ce, wa zai riƙe musu yaran gida? A kanta nake gina nawa kundin."

Maganar ta zauna mata daram.

Abbanta tsohon malamin jami'a ne, kowane shafi nata sai ya bi shi da jan biro. Tun kafin wannan hirar, da ya ji labarin saurayin, ya ce, "Ɗalibi da ɗaliba? Ga ɗan aminina likita. Kada in ƙara jin kun yi magana."

Ba su daina ba. Da ta zo rubuta babi na huɗu, tambayar nan ta zama ƙashin bayansa. Ta san ƙa'ida sarai: abin da mutum ya faɗa maka da baki, sai ka sa sunansa da ranar hirar cikin baka biyu. Ranar kuwa bayan hanin Abba ce. Ta rubuta sunan, ta tuna jan biro, ta goge.

Abba ya karanta, ya ce, "Wannan tunani naki ne, Uwata?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka kunya ce.

Kundinta ya riga nasa shiga. Ba a jima ba ƙawarta ta tsegunta mata: kwamiti ya kira Sarkin Ƙa'ida, ana zarginsa da satar tunaninta, za a iya korarsa. Nan take ta tura masa saƙo.

"Me ya sa ba ka faɗa musu gaskiya ba?"

"In na faɗa, naki digirin ne zai tafi, Waƙafina. Ki ci abinci. Na san ba ki ci ba."

Da zagi ya turo, da ya fi mata sauƙi.

Ta samu Abba a falo yana shan shayi. Ta durƙusa, ta ajiye sabon shafi a gabansa, sunan da ranar na nan cikin baka biyu. Ya daɗe yana kallon ranar.

"Kin saɓa mini, wannan tsakanina da ke ne. Amma ɗaukar tunanin mutum, a gidana?"

"Na yi laifi, Abba. Gobe zan je gaban kwamiti."

"Shi me ya ce musu?"

"Shiru ya yi."

Abba ya cire tabarau ya goge. "Na ga manya sun raba zumunci a kan layi guda. Shi kuwa ya yi shiru don ke."

Kwamiti ya wanke shi. Ita aka ja mata kunne a rubuce, aka ɗaga kammalawarta zuwa baɗi. A bakin ƙofa ta kasa haɗa ido da shi.

"Ka yafe mini?"

"Tun tuni. Amma waƙafin da kika sa bayan sunana ya sake ɓata hanya."

Ta yi dariya da hawaye.

Bayan shekara aka ɗaura aurensu. Da za a kai ta, Abba ya sa musu albarka, ya damƙa wa ango jan biron.

"Riƙe, ɗana. Daga yau kai za ka duba mata. Allah Ya haɗa sunayenku a layi ɗaya har abada."

Daga cikin mayafi ta ce amin, a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.